Babur ɗin dusar ƙanƙara a Quebec: wa ya share hanyar da muke yi wa laik?

Duk shekara, daga watan Disamba zuwa Maris, akwai wani irin bidiyo da ke cika mana waya. Mutum ne a kan wani abu mai kama da babur, amma ba shi da taya ko ɗaya. A gaba ƙafafu biyu ne dogaye masu sulɓi, a baya kuma wani faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, shi ke kama dusar ƙanƙara yana ingiza abin gaba. Ko'ina fari fat, bishiyoyi sun sunkuya saboda nauyin dusa, an ɗora kiɗa mai taushi, a ƙasa an rubuta kalma ɗaya: 'yanci. Ka leƙa wajen sharhi, sai ka tarar da namu sun yi layi, wannan ya ce Allah ka kai mu, wancan ya ce ai wannan ita ce rayuwa.

Ni ban ga laifin mai sha'awa ba, domin abin akwai ban sha'awa. Amma ra'ayina a yau shi ne, abin da ake kira 'yanci a cikin waɗannan bidiyoyi, doka da aikin gayya ne suka haife shi. Kuma bidiyon da muka fi zuba wa laik, wato na wanda ya bar hanya ya kutsa daji ko ya hau kan tafki da gudu, shi ne wanda ya fi cutar da wannan tsari. Don maganar ta tsaya da ƙafarta, bari mu ɗauki wuri ɗaya: lardin Quebec da ke gabashin Kanada, inda aka haifi babur ɗin kamar yadda duniya ta san shi yau.

Da farko, ba don wasa aka ƙirƙiro abin ba. Joseph-Armand Bombardier makanike ne a wani ƙaramin gari mai suna Valcourt, an haife shi a 1907. A zamaninsa, idan hunturu ya sauka, dusa na rufe hanyoyin ƙauyuka na tsawon watanni, mota ba ta shiga ba ta fita. A hunturun 1934 ɗansa ɗan shekara biyu ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, dusa ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. Dama can yana ta gwaje-gwajen abin hawan da zai bi kan dusa, amma wannan rashi ya sa ya duƙufa. A 1937 ya fito da wata mota mai ɗaukar mutum bakwai da ya kira B7. Likitoci, masu kai wasiƙu da malaman coci na cikin waɗanda suka fara saye, saboda su ne aikinsu ba ya jiran dusa ta narke. Sai a 1959 kamfaninsa ya fito da ƙaramin da mutum ɗaya ko biyu ke hawa, mai suna Ski-Doo. Har yau mutane da yawa a can kowane babur ɗin dusa skidu suke ce masa, kamar yadda mu ma kowane garin wanki muke ce wa omo.

Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 kowa ya sayi nasa, kowa kuma ya bi inda ya ga dama: gonar mutane, bakin titi, layin dogo, kan kogin da ya daskare. Aka yi ta haɗura, aka yi ta rigima da masu gonaki. Wannan hargitsi ne ya tilasta wa mahaya kafa ƙungiyoyi a garuruwansu, su share hanya, su kafa alamu, su nemi izinin masu filaye. A 1974 ƙungiyoyin suka haɗu a ƙarƙashin tarayya guda da ake taƙaita sunanta da FCMQ. Yau tana da ƙungiyoyi kusan 200, kuma hanyoyin da suke kula da su sun kai kimanin kilomita 33,000. Ka auna: kewayen duniya gaba ɗaya kusan kilomita 40,000 ne. Ko kuma ka ce Kano zuwa Legas sau talatin da wani abu.

Hanyoyin nan suna da tsari kamar titunan mota. Akwai manya masu ratsa lardin daga wannan yanki zuwa wancan, kowacce da lambarta, akwai na yanki, akwai ƙanana na cikin gari. Akwai allon da ke cewa tsaya, akwai mai gargaɗin kwana, akwai mai nuna saura kilomita nawa a kai gidan mai ko wurin hutawa da cin abinci. Mutum zai iya tashi daga kusa da Montreal ya yi kwanaki yana tafiya, ya ratsa tsaunukan Laurentides, ya nufi yankin Saguenay da tafkin Saint-Jean, ya hau duwatsun Monts-Valin inda dusa ke lulluɓe bishiyoyi har mutanen wurin suka yi musu laƙabi da fatalwowi. Wani kuma ya yi gabas ya kewaye yankin Gaspésie, teku a gefensa. Wani ya yi arewa maso yamma zuwa Abitibi, ƙasar dazuzzuka da ma'adinai. Waɗannan wurare su ne muke gani a waya.

To, wa ke share su? Nan ne kyamara ke kawar da kai. A ajin koyon aikin jarida ana nanata mana cewa hoto zaɓe ne, abin da aka bari a waje ma labari ne. Abin da aka bari a waje a nan shi ne dubban 'yan sa-kai, da yawansu dattawa ne da suka yi ritaya. Tun kaka, kafin dusa ta sauka, suke shiga daji suna sare rassan da suka faɗo, suna gyara ƙananan gadoji, suna kafa alamu ɗaya bayan ɗaya. Idan dusa ta zo, cikin dare ake fitowa da wata babbar na'ura mai kama da tarakta, tana jan faffaɗan ƙarfe a bayanta, tana farfasa tudun da babura suka tara da rana, tana daddale hanya. Da dare ake yi saboda babu zirga-zirga, kuma sanyi zai ƙanƙame dusar kafin gari ya waye. Wanda ke tuƙa na'urar nan yana iya kwana shi kaɗai a tsakiyar daji cikin sanyin da ya kai 30 ƙasa da sifili. Da safe ɗan yawon buɗe ido zai zo ya wuce a kanta cikin minti biyu, ya ɗora bidiyo, ya ce ya gano daji da kansa.

Kuɗin aikin fa? Babban kaso daga aljihun mahayan yake fitowa. Duk wanda zai hau hanyar tarayyar sai ya sayi takardar izini, ta shekara ko ta 'yan kwanaki, a manna shaida a jikin babur ɗinsa. Da kuɗin ake sayen man na'urorin da gyaransu. Doka kuma tana nan daram. Ba a wuce gudun kilomita 70 a awa a kan hanya, kusa da gidajen mutane ma ƙasa da haka. Hular kwano dole ce. Wanda bai kai shekara 16 ba ba ya tuƙi a kan hanyoyin. Wanda aka kama yana tuƙi a buge, hukuncinsa irin na direban mota ne. Akwai masu sintiri na ƙungiyoyi, akwai 'yan sanda a kan nasu baburan. Ka ga ke nan, mutumin da ka gani kamar tsuntsu a sama, lasisi, inshora da takardar biyan kuɗi ne cike da aljihunsa.

Sai abu mafi rauni a cikin tsarin, wato amanar masu ƙasa. Wani babban ɓangare na hanyoyin nan, musamman a kudancin lardin, ta cikin gonaki da dazuzzukan mutane yake bi. Manomi ne ke sa hannu ya ce na yarda ku wuce ta gefen gonata, kuma yana da ikon janyewa. Idan mahayi ya bar hanya ya shiga tsakiyar gona don ya samu dusar da ba wanda ya taka, ɓarna yake yi ko da bai ga komai ba. Dusa mai laushi bargo ce ga shukar da ke ƙasa, iskar da ke cikinta ce ke kare ciyawar dabbobi daga daskarewa. Idan babur ya danne ta, sanyi ya ratsa har saiwa, sai bazara manomi ya ga zanen mutuwa a gonarsa daidai inda aka bi. A gandun bishiyoyi kuma, ƙananan dashen da ke ɓoye ƙarƙashin dusa ne ake karya wa kai. Abin da ke biyo baya a bayyane yake: manomi ya rufe ƙofarsa. Kilomita ɗaya aka rufe a tsakiyar hanya, sai doguwar hanya ta yanke biyu, gidajen abinci da masaukan da ke rayuwa da ita su rasa ciniki. Mutum ɗaya ya ci laik, gari guda ya biya.

Wannan asarar dukiya ce. Akwai ta rai. Ranar 21 ga Janairun 2020, da daddare, 'yan yawon buɗe ido takwas daga Faransa tare da jagoransu suna tafiya a yankin tafkin Saint-Jean. Tawagar ta bar hanyar da aka yi wa alama ta hau kan ƙanƙara, kusa da inda ruwan tafkin ke zuba cikin kogin Grande Décharge. Ƙanƙarar ta fashe. Jagoran ya rasu, Faransawa biyar suka nutse, uku ne suka tsira. Mutum shida a dare ɗaya.

Ya kamata mu fahimci dalilin, domin a nan darasin yake. Ƙanƙarar tafki ba kaurinta ɗaya ba ko'ina. Inda ruwa ke tsaye tana yin kauri sosai, amma inda ruwa ke gudu a ƙasa, kamar mashiga ko mafitar kogi, gudun ruwan na cinye ta daga ciki. Daga sama kuwa dusa ta rufe duka, mai kauri da marar kauri fari ɗaya ne, balle da dare. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada na ba da shawarar kada babur ya hau ƙanƙarar da kaurinta bai kai santimita 25 ba. Shi ya sa inda hanyar tarayya za ta ratsa tafki, sai an huda an auna, sannan a jera sanduna masu nuna ta nan kaɗai za a bi. Sandunan nan ilimin mutanen wurin ne aka kafa a ƙasa, na waɗanda suka san ruwan shekara da shekaru. Bayan hatsarin, a ƙarshen 2020 majalisar Quebec ta sabunta dokar ababen hawa na daji, ciki har da wajabta horo ga masu jagorantar 'yan yawon buɗe ido.

Na san wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma babu mai zargin mamaci. Amma mu da muke faɗin haka, mu ne kuma muke cewa rigakafi ya fi magani. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana a ɗaure raƙumi ba.

Yanzu bari in yi wa masu ja da ni adalci, domin suna da hujjoji. Ta farko: ba duk barin hanya ne laifi ba. A filayen gwamnati akwai wuraren da aka yarda a shiga daji da babur, kuma akwai masu yin hakan da ilimi da kayan aiki. Sama da haka, a can arewacin lardin, a Nunavik, ƙauyukan Inuit babu titin mota da ya haɗa su da juna ko da kudu. A wajensu babur ɗin dusa abin zuwa farauta da kamun kifi ne, abin ɗauko abinci, kamar yadda yake ga al'ummomin Cree da Innu da masu ɗana tarko. Ba wanda ya share musu hanya, ba kuma su buƙata. Na yarda. Amma ka lura, abin da ke tsare su shi ne sanin ƙasa da suka gada, sun san launin ƙanƙarar da ake takawa da wadda ake gudu. Baƙon da ya sauka daga jirgi shekaranjiya ya karɓi hayar babur jiya, ba shi da wannan. Abin da yake da shi kawai alamun da aka kafa masa ne. Idan ya raina su, me ya rage masa?

Hujja ta biyu ta fi nauyi: ita kanta hanyar tana da illa. A 2004 wata kotu a Quebec ta ba mazauna gefen wata hanya a Laurentides gaskiya, wadda aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogon P'tit Train du Nord, bayan sun kai ƙara kan ƙarar babura da hayaƙi da ke hana su barci. Akwai kuma maganar namun daji. Karibu, wata dabba ce dangin barewa mai manyan ƙahoni, tana cikin matsala a Quebec, garken Gaspésie ma 'yan gomomi kaɗan suka rage. Babban dalilin shi ne sare dazuzzuka, amma ƙarar inji na korar dabbar daga inda take kiwo a lokacin da ƙarfinta ya yi ƙasa, kuma daddalalliyar hanya na sauƙaƙa wa masu farautarta, irin su kyarkeci, isa inda a da zurfin dusa ke hana su. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan ka bi hujjar zuwa ƙarshenta, inda na tsaya take kawo ka. Hanya mai alama ana iya karkatar da ita daga gidajen mutane, ana iya rage gudu a kanta, ana iya rufe ta a inda dabbobi ke fakewa. Mahaya dubu da suka watsu cikin daji kowa da tasa hanyar, wa zai karkatar da su? Idan har za a yi ɓarna, gara wadda aka tattara wuri ɗaya ana iya sa mata ido.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙungiyoyin gaba ɗaya, wato ɗumamar yanayi. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da hukumomin Kanada suka taɓa aunawa a faɗin ƙasar tun da suka fara ajiye irin wannan lissafi a 1948. A wurare da yawa an makara wajen buɗe hanyoyi, aka kuma rufe da wuri, wasu ruwan sama ya wanke su a tsakiyar hunturu. Ma'anar wannan ita ce ƙanƙarar da kakanni suka saba takawa a watan kaza, yanzu ba lallai ta ɗauki mutum ba. Wato a daidai lokacin da bin alama ya fi zama dole, a lokacin ne soshiyal midiya ke ƙara wa masu tsallake ta daraja.

Ga inda abin ya shafe mu, mu da wataƙila ba mu taɓa ganin dusa ido da ido ba. TikTok da Instagram ba su san daga ina laik ya fito ba. Wanda aka danna a Zariya da wanda aka danna a Paris nauyinsu ɗaya. Manhajar tana lura da abin da ya tsayar da yatsanka, ta ƙara tura shi ga wasu, mai bidiyon kuma ya gane abin da kasuwa ke so. Bidiyon mutum yana tafiya a natse a kan hanya mai alama ba ya tafiya ko'ina. Na wanda ya tsallake shinge, ko ya keta ruwan da bai gama daskarewa ba da gudu, shi ke kai miliyan. Gobe wani zai yi abin da ya fi haka don ya wuce shi. Mu masu kallo muna cikin cinikin, ko mun sani ko ba mu sani ba. Kuma kada mu yi kamar baƙon abu ne a wajenmu, mun san yadda wasan ganganci da mota ko babur a wajen biki ke ƙara zafi da zarar an ɗaga wayoyi.

Sannan ga 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Kanada, waɗanda yawansu ke ƙaruwa. Wata rana abokai za su ce a je a gwada, kuma ina ganin ya kamata a je, abin more rayuwa ne. Amma ka je wajen masu ba da haya da ke da rajista, ka saurari bayanin da za a yi maka kafin a ba ka makulli, ka sa hular kwano, ka tambaya ko jagoranku ya yi horo. Idan an zo tafki, ka bi tsakanin sanduna. Idan wani ya ce a yanke ta nan ya fi kusa, ko hoton zai fi kyau daga can, ka ce a'a, ko da kai kaɗai ne ka ce. Kunyar minti ɗaya ce.

Sauran mu kuma da ke gida, abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kafin ka tura bidiyon babur ɗin dusa zuwa guruf, duba ka gani: akwai alama a gefen hanya? Da hula a kansa? Kan tafki yake gudu shi kaɗai da dare? Idan ganganci ne, wuce shi, kada ka yi sharhi ko na zagi ne, domin manhajar zagi da yabo duk ciniki ne a wajenta. Idan kuwa ka ci karo da bidiyon wani dattijo a cikin na'urar share hanya ƙarfe ukun dare, gemunsa ya yi fari da sanyi, to shi ne ya cancanci laik ɗinka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar kilomita 33,000 irin waɗannan hannaye ne ke ɗauke da ita.